Da gaske ana iya tsiro da naman jikin mutum a ɗakin gwaji?

Malam, ka tambaya ko da gaske masana na tsiro da sassan jikin mutum a ɗakin gwaji, kuma su wa suka fara. Gaskiya ne, sai dai da sauran aiki.

Riƙe sunan Robert Langer na jami'ar MIT a Amurka. Injiniyan sinadarai ne, ba likita ba. A 1993 shi da likitan tiyata Joseph Vacanti suka fitar da maƙala a mujallar Science wadda ta aza harsashin fannin. Ga dabarar: a ƙera wani abu mai ƙofofi kamar soso daga roba ta musamman da ke narkewa a jiki, irin wadda ake yin zaren ɗinkin tiyata da ita, sannan a zuba ƙwayoyin halitta a kai. Suna hayayyafa suna cika shi, robar tana narkewa sannu a hankali, har sai nama zalla ya rage. Idan ƙwayoyin na majinyacin ne da kansa, jikinsa ba zai yaƙe su ba. Wannan ya fi komai taɓa zuciyata, don na ga wahalar waɗanda aka dasa wa sassan jikin wani, da ke shan magani har ƙarshen rayuwa don kada jikinsu ya yaƙi dashen.

A 2006 tawagar wani likitan tiyata a Amurka mai suna Anthony Atala ta ba da rahoton majinyata 7 da aka gyara musu mafitsara ta wannan hanya. Zuciya da ƙoda kuwa sun gagara har yanzu, domin nama mai kauri sai da ƙananan jijiyoyin jini. Idan babu su, ƙwayoyin da ke can ciki mutuwa suke yi saboda rashin iskar oksijin.