Tambaya da Amsa: Kuɗin Hatsi a Kasuwar Hannun Jari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da masara da wake a Tudun Hatsi, nan Gombe. Na ware naira 300,000 ina son sayen hannun jari, amma ina tsoron riba, wato kuɗin ruwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko, in kuɗin nan na sarin kaka ne, ka bar su a buhu. Hannun jari ba ya son kuɗin da za a nema bayan wata uku. Ni kaina a 2008 na zuba kuɗin hayar gida a hannun jarin wani banki, kasuwa ta faɗi warwas, na yi wata biyu ina ɓuyar mai gida.

In rara ce, ka nemi dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ya buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka da BVN ɗinka. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa ta WhatsApp, ka ja da baya.

Maganar riba kuwa, duba sana'ar kamfanin. Na siminti irin Dangote Cement ko na waya irin MTN ba ɗaya suke da bankin ruwa ko kamfanin giya ba, sai dai malamai kan duba yawan bashin ruwan da ke kansu. Akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 don gina hanyoyi. Kuɗin haya ake biya duk wata shida, da naira 10,000 ma ana shiga. Da ni ne, rabi can zan kai. Ka tuna ana cire kashi 10 na haraji daga rabon ribar kamfanoni kafin ya shigo asusunka.