Tambaya da Amsa: An canza hafsoshi, an sayo jirage, to me ya rage a gyara a sojan Najeriya?

Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan tsaro ne, na tsamo waɗanda suka shafi gyaran soja.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Damaturu. Tun 2009 muke cikin wannan masifa ta Boko Haram, duk shugaban da ya hau sai ya canza hafsoshin tsaro, a canza wa rundunar suna, a ce mana an sayo jirage, amma har yau mutum bai bin wasu hanyoyi da yamma. Wai gyaran sojan da ake ta faɗa me ake nufi da shi, kuma daga ina ya kamata a fara?

AMSA: Wa alaikumussalam Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Canza hafsoshi ai shi ne mafi arha cikin duk abin da gwamnati za ta iya yi, sanarwa ɗaya ce daga fadar shugaban ƙasa shi ke nan, shi ya sa kowa da shi yake farawa. Buhari ya yi a Yulin 2015, ya sake a Janairun 2021, Tinubu ya yi nasa a Yunin 2023. Sunan rundunar da ke yaƙi da Boko Haram ma haka, Zaman Lafiya ya koma Lafiya Dole a 2015, Lafiya Dole ya koma Haɗin Kai a 2021, kurtun da ke kwance cikin rami a Malam Fatori kuwa ranar da aka canza sunan abin da ya ci jiya shi zai ci yau.

Ni a ganina daga kuɗi za a fara, ba yawansu ba, hanyar da suke bi. Ka tuna 2014, shekarar da aka kwashe ƴan matan Chibok 276, Gwoza ta faɗi a Agusta, Mubi ta bi a Oktoba. A watan Mayun shekarar sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari bayan an kawo gawarwakin ƴan uwansu, a Disamba kuma kotun soja ta yanke wa 54 hukuncin kisa kan ƙin zuwa fagen daga, su kuma suna cewa ba a ba su makamin da za su tunkari abokan gaba ba. Wata bakwai bayan nan sai ga babban hafsan tsaro da kansa, Alex Badeh, ranar da yake bankwana da aiki yana faɗa a bainar jama'a cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da kayan yaƙin da take buƙata, sannan aka taso da shari'ar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kan dala biliyan 2.1 na makamai da ake zargin sun bi wata hanya daban. An mayar wa sojojin nan hukuncinsu ɗaurin shekara 10 a ƙarshen 2015. To ka ga inda gizo ke saƙar, da an ce kuɗin tsaro ne sai kowa ya yi shiru wai sirri ne, alhali sirrin yaƙi shi ne ina za a kai hari kuma yaushe, ba nawa aka sayi tayar mota ba. Dubi jiragen Super Tucano 12 da aka sayo daga Amurka, ciniki ne tsakanin gwamnati da gwamnati, kuɗin wajen dala miliyan 500 kowa ya sani, kuma a 2021 sun iso an gan su a Kainji. Haka ya kamata a yi da harsashi da man fetur da abinci da takalmi, majalisa da mai binciken kuɗi na ƙasa su ƙirga abin da ya isa bataliya, ba abin da aka sa wa hannu a Abuja ba.

Sai kuma abin da ya fi shafarku, wato wa ke riƙe gari bayan soja ya ƙwato shi. Ƙwatowa kam sun iya, Baga da Bama da Gwoza duk a farkon 2015 aka dawo da su. Amma an rarraba sojoji ƙananan sansanoni a ko'ina, ISWAP kuma tun da ta ɓalle daga Shekau a 2016 sai ta mai da hankali kan barikoki, ta taru da yawa ta afka wa sansani ɗaya ta kwashe makamai, irin abin da ya faru a Metele a Nuwamban 2018. Maganin da aka kawo a 2019 shi ne a tattara su a manyan sansanoni masu ƙarfi. Asarar sojoji ta ragu, gaskiya ne, amma ƙauyuka da hanyoyi suka zama marayu, kai da ke Damaturu ba sai na tuna maka Auno ba, Fabrairun 2020, inda aka kashe matafiya kusan 30 da dare ya riske su a bakin shinge, sai manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban shekarar da aka yi wa 43 jana'iza rana ɗaya. Bargon ne gajere, in an rufe kai ƙafa ta fito. Sojan ƙasa da na sama da na ruwa duka dubu 200 da ƴan kai ne ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma kusan babu jihar da ba a girke su ba, suna tsaron zaɓe suna raba faɗan manoma da makiyaya suna tsayawa a shingen kan titi, duk aikin ɗan sanda. Shi ya sa nake cewa rabin gyaran soja a hedikwatar ƴan sanda za a yi shi, in mobal da sibil difens ba su iya karɓar garin da aka ƙwato sun kwana a cikinsa ba to sojan ba zai taɓa matsawa gaba ba.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ɗana ya gama sakandare ya dage sai ya shiga soja, ni kuma gabana faɗuwa yake don ina jin ana cewa in aka kai yaro Borno sai ya shekara da shekaru ba a gan shi ba. In bar shi ko in hana? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya raya mana shi. Abin da kike ji ba ƙarya ba ne, an yi shi, a Agustan 2018 ma sojoji sun yi bore a filin jirgin saman Maiduguri lokacin da za a tura su Marte, kukansu shi ne sun shekara uku zuwa huɗu a fagen daga ba a sauya su ba. Mutum ba ƙarfe ba ne, wanda ya daɗe haka bai ga iyalinsa ba ko dai hankalinsa ya taɓu ko ya daina kula ko ya fara huce haushi kan farar hula. Duk mai maganar gyaran soja da bai sa wa'adin zama a fagen daga ba, da alawus kan lokaci, da jirgin ɗauko wanda aka raunata, da haƙƙin matar mamaci ba tare da ta yi ta zarya a ofisoshi ba, wallahi surutu kawai yake. Horon Depot, cibiyar horar da kuratan soja da ke nan garinku, wata shida ne, ya isa a koya wa yaro fareti da harbi, amma gane ƙasar da aka tona aka binne nakiya da fita daga kwanton ɓauna a hannun saje da kofur ake koyonsu, su ne ya kamata a fi kashe wa kuɗin horo ba tafiye-tafiyen manya ba.

Amma fa ba zan ce ki hana shi ba in har da zuciya ɗaya yake so, aiki ne na mutunci, har yau mutanen Borno suna yi wa Laftanar Kanar Abu Ali addu'a tun da ya kwanta dama a Malam Fatori a 2016. In ko don rashin aiki ne ku zauna da babansa ku sake shawara. Fom ɗin shiga kyauta ne ta intanet, duk wanda ya ce ki kawo kuɗi yana da hanya ɗan damfara ne. In ya shiga kuma ki tabbata ya rubuta sunan magajinsa daidai, in ya yi aure ya koma ya gyara, rigimar gado da yawa daga nan take tasowa.

TAMBAYA: Malam mu a Gusau mun gaji. Me zai hana a ɗauko sojojin haya kawai su gama da ƴan bindiga, ko a ba mu bindigu mu kare kanmu?

AMSA: Ɗan'uwa an taɓa ɗaukowa ai. Farkon 2015 gwamnatin Jonathan ta kawo wani kamfanin Afirka ta Kudu, STTEP, sun horar da wata runduna sun kuma taimaka wajen ƙwato garuruwa, wata uku kwangila ta ƙare suka tafi, yaƙin kuma yana nan. Gwamna Zulum ma ya nemi a sake ɗaukowa bayan Zabarmari. Ɗan haya ya iya kai farmaki amma ba zai kwana a Tsafe ko Maru yana gadin manoma da damina ba, wanda shi ne ciwon naku.

Batun ɗaukar makami kuwa ƴan kato da gora sun yi abin a yaba a Maiduguri a 2013 saboda sun san fuskar kowa a unguwa, amma ku a Zamfara kun fi kowa sanin yadda aikin ƴan sa-kai ya rikiɗe ya koma ramuwar gayya tsakanin Hausawa da Fulani. Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024 za su yi amfani ne in da rajista da albashi da kwamandan da za a kama in sun kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Raba bindiga gida-gida kam ban goyi baya ba ko kaɗan.

TAMBAYA: Bayan Tudun Biri ta yaya talaka zai yarda ya kai wa soja rahoto? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

AMSA: Tambayarka ta kama hanya. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a ƙauyen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙirga gawa 85, kafin nan kuma an yi Rann a Janairun 2017 inda jirgin sojan sama ya faɗa wa sansanin ƴan gudun hijira. Marigayi Janar Lagbaja, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya je har Tudun Biri ya ba da haƙuri, abin a yaba ne, amma ba haƙuri ke hana na gaba ba. Na'ura daga sama taron mutane da babura kawai take gani, ba ta bambance walima da taron ɓarayi, mutumin ƙasa ne ke bambancewa, dagaci ko mafarauci ko direban da ke bin hanyar kullum. Saboda haka kafin a saki bam sai an samu tabbaci daga ƙasa, sojan ƙasa da na sama su zauna ɗaki ɗaya su yanke, in kuma an yi kuskure a fitar da rahoton bincike kowa ya karanta, a biya diyya, wanda ya yi sakaci ya tsaya gaban kotun soja. Shi kuma mai kai rahoton a ɓoye sunansa, don a ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa mutane da yawa ba sojan suke tsoro ba, tsoronsu kafin su dawo gida labari ya riga su isa daji.