Shamfen ɗin Veuve Clicquot: suna ake saya ko aiki?

Tambaya: Ni ke kula da sito a wani otal a Abuja. Manaja ya ce in yi odar Veuve Clicquot, sai na ga kuɗinta ya ninka na sauran giya mai kumfa. Suna kawai ake saya? Kuma yaya zan adana ta?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin suna na ciki, amma akwai aiki a bayansa. Philippe Clicquot ne ya kafa gidan da ke yin ta a Reims ta ƙasar Faransa a 1772. Da ɗansa François ya rasu a 1805, matar ɗan, Barbe-Nicole Ponsardin, ta karɓi ragama tana da shekara 27.

Kumfar shamfen a cikin kwalba take samuwa. Ana zuba yis da sukari kimanin giram 24 a kowace lita ta giyar inabi, a toshe. Yis ya cinye sukarin ya fitar da iska, iskar ta rasa mafita, matsinta ya ninka na tayar mota fiye da sau biyu. Matsalar ita ce mataccen yis da ke gurɓata giyar. Wajajen 1816 wannan baiwar Allah da mai kula da rumbunta, Antoine Müller, suka samo dabara: a soke kwalabe kai ƙasa a tebur mai ramuka, ana murza su kaɗan-kaɗan har dattin ya taru a wuya, sannan a fitar da shi. Sauran gidaje duk sun kwaikwaya. Doka kuma ta ce sai shamfen ya kwanta aƙalla wata 15 kafin a sayar, wanda aka rubuta wa shekara kuwa shekara 3. Prosecco ta Italiya yawanci a tanki ake yin kumfarta, shi ya sa take da araha. In baƙinku gauraya ta za su yi da lemo, asara ce a buɗe musu Veuve.

Zafi da haske ne ke kashe ta. Rumbunan alli na Reims ba sa wuce digiri 10 zuwa 12, saboda haka sito mai rufin kwano bai dace ba, musamman in ana yawan ɗauke wuta. Bar ta cikin kwalinta a wuri mai duhu. A miƙa wa baƙo a digiri 8 zuwa 10. Wajen buɗewa a danne marfin da hannu, a karkata kwalbar, a murza kwalbar ba marfin ba. Mai ɗumi takan yi tsartuwa, marfin kuma na iya ji wa ido ciwo. Ka saya wurin dila da aka sani, ka duba lambar NAFDAC, don jabu na yawo.

Tambaya daga wata mai karatu: Na ga an rubuta Brut a jikin wata kwalbar shamfen. Ba ta bugarwa ke nan? Ina so in kai gidan biki.

Amsa: Hajiya, kada ki kai. Barasa ce, kusan kashi 12 cikin ɗari. Brut na nufin sukarinta bai kai giram 12 a lita ba. Ki nemi ruwan inabi mai gas da aka rubuta wa 0.0%, domin wanda aka cire wa barasa daga baya yakan rage da har 0.5%.