Bashiru, anini sabon bashi ne

Bashiru na ga saƙonka tun jiya da la'asar, ina ƙarƙashin wata Hilux ta mutanen Argungu, giyabos ya ƙi zama, shi ya sa ban amsa ba sai yanzu da munka rufe gareji. Ka ce takardar HND ɗinka ta fito, kana son cika fom na zama hafsan soja, amma abin da ka ke son sani shi ne in Allah ya ba ka, ko kana iya yin shekara uku ko huɗu ka tara ɗan jari ka aje kaki ka dawo Birnin Kebbi ka buɗe naka gareji. To ɗana, in wannan ne lissafinka ka bar fom ɗin nan inda ka gan shi.

Ni ban taɓa ɗaura aninin hafsa a kafaɗa ba ka sani, da igiyar ƙaramin soja na yi aiki da ita na fito, amma shekarun da na yi a wokshop na injiniyoyin soja tun daga kos ɗinmu na Auchi, na ga yara da yawa sun haye ta gabana, wasu ni na koya musu riƙon sifana kuma daga baya ni ke sara musu.

Yanzu kai kofur ne. Ranar da ka fito Depot Zariya wa'adi ka sa wa hannu, in ya cika ko ka sabunta ko ka nemi sallama, ƙofar a bayyane take. Hafsa ba haka nashi yake ba. Takardar hafsanci da sunan Shugaban Ƙasa ake ba da ita, shi ne babban kwamandan askarawa, har lambarka canzawa take, wagga mai NA a tsakiya da ka haddace tun kana kurtu ta tahi, a ba ka sabuwa mai farawa da N. Daga ranar nan ba kai ke cewa na gama ba. Rubutawa za ka yi kana roƙo, takarda ta bi ta hannun kwamandanka ta hau sama har Majalisar Sojan Ƙasa, in sun yarda ka tahi, in ba su yarda ba gobe da safe kana fareti. Kuma kundin sharuɗɗan aiki, wanda muke ce ma HTACOS, ya aza ma hafsa shekara 15 kafin ya nemi aje aiki don ra'ayin kanshi. Sha biyar fa, ba uku ba. Kai da ke da shekara 29 yanzu, yi lissafi da kanka.

Na san mi za ka ce, don na ga yaran bariki suna ta yawo da labarin a waya. E gaskiya ne, a 2025 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Abuja ta yi hukunci a ƙarar wani hafsan sojan sama, ta ce tilasta ma mutum shekara 15 ya saɓa ma tsarin mulki. Amma ka duba da kyau, bawan Allah nan sai da ya kai ga lauya da kotu kafin ya samu wannan magana, kai kana da kuɗin lauyan Abuja? Kuma duk wanda ya gaji ya sulale ba da sallama ba, sunanshi ɗan gudun soja, dokar sojoji ta tanadi kotun soja dominshi, fansho ya tahi, suna ya ɓaci, ko garejin ka buɗe kullum kana waigen bakin titi.

Akwai wani abokina da munka yi zama ɗaki guda, ba zan faɗi suna ba don iyalanshi na nan. Saje ne, hannunshi na da kyau ƙwarai wurin injin dizal, in ya kara kunne jikin mota zai gaya maka injekta ta nawa ke wasa. Ya samu hafsanci muna ta murna, anka yanka rago. Wata shida ba a yi ba anka ɗauke shi daga wokshop anka aza shi kan tebur, sa hannu kan man mota, lissafin taya da batir, rahoton wata. Rannan na shiga ofis ɗinshi na iske shi shina juya biro a hannu kamar mai neman inda zai ɗaura ta, farcenshi fari tas, ya ce min wallahi Usmanu kewar baƙin mai nake. Batir goma sha biyu sunka ɓace a sito, ba shi ya ɗauka ba, amma sa hannunshi ne a takarda, shi anka tsare da tambaya wata da watanni. Ya rubuta neman aje aiki, amsa ba ta zo ba, sai ga takardar canjin wurin aiki. Haka ya tattara ya tahi.

Wannan shi ne abin da yara ba su gani, albashi da mes, wurin cin abinci da hutawa na hafsoshi, kawai suke hange. Kofur in mota ta lalace laifin mota ne ko na direba, hafsa kuwa duk abin da yaranshi sunka yi a wuyanshi yake, ko shina barci lokacin. Ga jarabawar ƙarin girma, laftana zuwa kyaftin, kyaftin zuwa manjo, in ka yi ta faɗuwa su da kansu za su nuna maka ƙofa, kuma ko wane muƙami da iyakar shekarun haihuwa da ake bari mutum ya kai a kanshi. Abin dariya, kai ka nemi tafiya a hana ka, ranar da ba ka shirya ba a ce ka tahi. In kuma sunka tura ka wani kos mai tsada, sa ran za ka sa hannu kan ƙarin shekarun da za ka biya su da aiki.

Hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Mai shiga NDA, makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, tun shina yaro ya yi shekara 5, wannan shi ake reno don Janar. Kai mai takardar makaranta gajeren hafsanci ne naka, SSC ko DSSC, horon watanni. Akwai kuma na tsofaffin hannu irin su saje da samanja da ake kaiwa Jaji, tsaninshi gajere ne. Ko wanne da nashi wa'adi, don haka kafin ka dangwala hannu ka nemi babban akawun bataliyarku ya buɗe maka kundin, sabon da anka sa ma hannu a 2024, ya nuna maka da yatsa shekara nawa ne naka kuma daga wace rana ake fara ƙirga, da yadda za a lissafa shekaru takwas ɗin da ka riga ka yi in an zo fansho. Kar ka yarda da an ce, ko daga bakina.

In kuwa ranka ya kwanta da kaki har tsufa, to bismilla cika fom, ni mai sa maka albarka ne, kana da kai kuma ba ka da hannun ɗauka. Mutanen Zuru nawa sunka mai da soja gidansu kuma ba su yi nadama ba. Amma ka zauna da Hadiza tukuna, don ita za ta yi ta naɗe katifa daga wannan bariki zuwa wancan, kuma ka gaya ma tsohuwarka da bakinka kar ta ji a gari.

In gareji ne a zuciyarka, ƙarasa wa'adinka ka nemi sallama ta hanya, filin nan na bayan shagona har yanzu ba kowa. Kuma in za ka zo hutun sallah ka taho min da tok rencina da ka ara tun bara, yaran nan da ƙiyasi suke ɗaure kan silinda.