Kafin A Ɗora Bulo: Amsoshin Tambayoyinku Kan Zanen Gida

Tambaya: Malam, muna shirin gina gida, maigidana kuma yana son falo mai bangon gilashi irin na zamani. Sai dai gefen da falon zai kalla yamma ne. Zai zaunu da rani kuwa?

Amsa: Hajiya, gilashin ba shi da laifi, inda aka fuskantar da shi ne matsalar. Ranar la'asar tana yin ƙasa, haskenta ya shigo a kwance, don haka rumfar saman taga ba ta tare shi. Tayil da bango su sha zafin nan, su yi ta fitar da shi har tsakar dare. Labule ba ya magani sosai, domin kafin hasken ya iske shi zafi ya riga ya shiga ɗaki.

A ƙasa mai zafi, ku ce wa mai zanen ya juya gidan, dogayen bangaye da manyan tagogi su kalli arewa da kudu, bakin rufi ya fito kamar santimita 60 zuwa mita 1. Yamma a bar wa sito, matakala, banɗaki ko gareji. In fili ya hana juyawa, a sa baranda mai zurfin mita 2 a gaban gilashin, da katanga mai huda-huda ko bishiya. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu don iska ta ratsa, silin kuma ya kai mita 3.

Tambaya: Injiniya, ƙarfina na gida mara bene ne yanzu, amma ina son ɗora bene nan gaba. Birkila ya ce in lokaci ya yi sai kawai a zuba dekin.

Amsa: Malam, kada ka yarda da wannan magana, rayukan iyalinka ne a ƙarƙashin dekin ɗin. Harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya ba lallai ya ɗauki biyu ba, kuma ƙarfafa shi bayan an gama gini aiki ne mai wuya da tsada. Tun yau a zana gidan a matsayin bene. A gwada ƙasar filin, injiniyan gini ya lissafa faɗin harsashi, girman ginshiƙai da kaurin rodi, ginshiƙan sama su hau daidai kan na ƙasa. A ware gurbin matakala yanzu, ko da sito za a mai da shi, banɗakin sama kuma ya zo kan na ƙasa don bututu ya sauka a miƙe.

Rodin da za a bari a waje don ɗorawa shi ake yawan mantawa: ruwa ya ci shi da tsatsa shekara da shekaru. A lulluɓe shi da kankare mara ƙarfi wanda za a fasa daga baya. Bayan zuba kankaren ginin a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Ba ya kai ƙarfin da aka lissafa masa sai ya kwana 28.

Tambaya: Malam, fentin gindin bangonmu yana kumbura yana zuba.

Amsa: Danshi ne ke hawowa daga ƙasa. A sabon gini ana shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe da abin tare danshi a bango, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. A naku, ku fara rage ƙasar da ta taru a gindin bango, ku karkatar da ruwan indararo nesa, a kankare filastar da ta lalace, bango ya bushe kafin a sake shafe.