Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Jamus koyon aikin dutse

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni, na kuma yi farin ciki da jin cewa ka samu gurbin koyon sana'a na shekara 3 a wani kamfanin yankan dutse da shimfiɗa tayil a nan Jamus. Maganar haya da sanyi zan aiko maka da ita daban. Abin da ya hana ni sakat shi ne layin ƙarshe na saƙonka, inda ka ce kana shan taba kara biyar ko shida a rana, kana tambaya ko hakan zai hana ka biza. Ba zai hana ka ba, amma ni da nake aikin jinya a sashen masu ciwon huhu, hankalina ya tashi da na ga kana shirin haɗa hayaƙin taba da ƙurar dutse a ƙirji guda.

Akwai wata cutar huhu da likitoci ke taƙaita sunanta na Turanci, pulmonary alveolar proteinosis, da PAP, wadda ban taɓa jin labarinta ba sai da na zo nan. Ba ta da yawa, domin ƙididdigar Japan da ta Amurka sun nuna kimanin mutum 6 zuwa 7 ne cikin miliyan ɗaya ke ɗauke da ita, kuma sai a 1958 wasu likitoci uku a Amurka, Rosen da Castleman da Liebow, suka fara bayyana ta. A can ƙarshen hanyoyin numfashi akwai miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kowace an shafe cikinta da wani ruwa mai maiƙo da ke hana ta manne wa juna idan mutum ya fitar da numfashi. Jiki yana yin sabon maiƙon kullum, wasu ƙwayoyi masu aikin shara kuma suna kwashe tsohon. Idan masu sharar nan suka gaza, sai maiƙon ya yi ta taruwa har ya cika jakunkunan, iska ta rasa hanyar shiga jini. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke tare wani sinadari mai suna GM-CSF, wanda shi ne ke ba masu sharar ƙarfin aiki.

Ka ga ke nan asalin cutar daga garkuwar jiki yake, sai dai idan aka duba su wane ne take kamawa, taba da ƙura suna ta fitowa. A wani bincike da aka buga a Japan a 2008 kan majinyata 248, kashi 56 cikin 100 sun taɓa shan taba, kashi 23 kuma sun yi aiki cikin ƙura. A nan Jamus, cikin majinyata 70 da aka bi a birnin Essen aka buga sakamakon a 2011, kashi 79 mashaya taba ne ko sun taɓa sha, kashi 54 kuma sun shaƙi ƙura a wurin aiki. Maza sun ninka mata a yawan kamuwa. Dalilin da ya sa taba da ƙura ke fitowa bai yi wuyar ganewa ba, tunda waɗannan ƙwayoyin sharar su ne dai ke haɗiye toka da kwaltar taba, su ne kuma ke haɗiye ƙurar dutse, wadda ke raunata su har ta kashe su. Shi ya sa wanda ya shaƙi ƙurar yashi mai yawa cikin ɗan lokaci kan iya kamuwa da irin wannan cushewar huhu cikin watanni ko 'yan shekaru, ko da garkuwar jikinsa lafiya lau take. An ga mummunan ciwon huhu na ƙurar yashi a Turkiyya tsakanin samari masu fesa wa wandunan jins yashi don su yi fari-fari, har gwamnati ta haramta aikin a 2009. Ostareliya ma ta hana amfani da dutsen haɗi na teburan kicin daga 1 ga Yuli, 2024, saboda yadda masu yankansa ke kamuwa da ciwon huhu tun suna matasa.

Na tsaya a wurin da ake yi wa mai wannan cuta magani, kuma abin bai fita daga raina ba. Ana sa mutum barci, a bar huhu ɗaya yana numfashi da na'ura, ɗayan kuma a riƙa cika shi da ruwan gishiri mai ɗumi ana juyewa, lita bayan lita, har a kai lita 15 ko 20. Ruwan farko yakan fito fari kamar an dama koko, sannan ya riƙa washewa. Bayan kwanaki ko makonni a koma wa ɗaya huhun, wasu kuma sai an maimaita musu bayan wani lokaci. Magani ne mai amfani ƙwarai, amma ba na fatan in gan ka a kan wannan gadon.

Saboda haka ina roƙonka ka bar tabar tun kana gida, inda Inna da abokanka na kirki za su taya ka, domin kaɗaici da sanyin watannin farko a nan su ne ke mayar da kara biyar kwali guda, ga shi kwalin ya haura Yuro 8. Shisha ma hayaƙi ce, kada wani ya ce maka ruwan tulun yana tace ta.

Game da aikin kuwa, ban ce ka fasa ba, sana'a ce mai daraja da rufin asiri. Kafin ka sa hannu a takarda, ka tambaye su ko da ruwa suke yanka dutse ko a bushe, ko injinansu na da abin zuƙe ƙura, da kuma irin takunkumin da suke bayarwa. Wanda ya dace da ƙurar dutse shi ne mai lambar FFP3, ko aƙalla FFP2, kuma dole ya kama fuska sosai, abin da ya sa mai gemu yakan buƙaci wani nau'i na daban mai hura iska, don haka ka faɗa musu tun farko. A dokar Jamus kamfani ne ke sayen kayan kariya, shi ne kuma ke biyan kuɗin duba lafiyar ma'aikatan da ke aiki cikin irin wannan ƙura. Ƙurar da ke cutarwa ita ce wadda ido ba ya gani, saboda haka kada ka cire takunkumi don kawai wuri ya yi kamar ya washe, kada kuma kunyar baƙunta ta hana ka magana.

Idan ka fara haki a kan matakalar da ka saba hawa, ko tari busasshe ya ƙi tafiya, ka je wurin likita da wuri. Mai yiwuwa su fara zargin tarin tibi saboda ƙasar da ka fito, kuma daidai ne su gwada, amma ka gaya musu duk aikin ƙurar da ka taɓa yi, har da shekara biyun da ka yi a wurin fasa dutse bayan ka gama sakandare, da adadin shekarun da ka sha taba.

Ka turo mini takardar kwantiragin in karanta maka kafin ka amsa musu. Ka gaishe mini da Inna da Baba.