Ina son mazubin kyandir mai siffar gidan biskit ɗin citta na Kirsimeti, amma kuɗi ya yi kaɗan

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni daga Jos nake, yarana sun ga irin ƙananan gidajen nan na jinjabired da ake sa kyandir a ciki haske na fitowa ta taga, sun dame ni sai na siya musu na Kirsimeti, na shago kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Zan iya yi a gida? Da biskit na gaske ake yi ko da kwali?

Amsa: Sannu 'yar uwa, zaki iya sosai, rabin kayan ma suna kicin ɗinki yanzu haka. Amma in dai kyandir mai wuta zaki kunna toh ki manta da kwali, ki manta da biskit na gaske. Kwali zai kama da wuta, biskit kuma suga ne da bota da zuma, zafi na taɓa shi zai yi laushi, kwana biyu kuma kiyashi sun gama da shi.

Shi jinjabired ɗin biskit ne na Turawa da ake haɗawa da citta da kirfa da kanumfari, birnin Nurembag na Jamus ya yi suna da shi tun ɗaruruwan shekaru, kuma a Jamus ɗin ne gina ɗan gida da shi ya yaɗu a ƙarni na 19. A Bargen ta ƙasar Norwe tun 1991 duk shekara gari guda suke ginawa da shi, yara 'yan makaranta ke kawo gidajen. Cittar kuwa ba sai kin nema nesa ba, ga Kachia da Kwoi nan maƙwabtanku inda ake nomanta. Abinda muke so shi ne kamannin da ƙamshin, dan haka kwaɓin gishiri zamu yi.

Ki auna fulawa gwangwanin madara 2, gishiri mai laushi gwangwani 1, in mai tsakuwa ne ki daka shi tukuna ki tankaɗe, sai garin kirfa cokali 3 da garin citta cokali 1. Fulawar ta zama zalla, kar ki sa bakin hoda ko yis, bama son ya tashi. Maimakon ruwa ki dafa ganyen shayi ya yi baƙi ƙirin ki bari ya huce, shi ne zai baki kalar nan ta gasasshen biskit ba tare da kin siyi fenti ba, in kina da Nescafé ki narka cokali ɗaya a ciki. Ki dinga zubawa kaɗan kaɗan, yawanci baya shan gwangwani ɗaya cif, ki murza kamar minti 10 har ya dena kama hannu, taurinsa kamar kwaɓin cincin.

Kafin ki yanka komai ki nemo ƙaramar kwalba mai faɗin baki, ta mayonis ko ta jam, ko ɗan kofin gilashi, domin a cikinta kyandir zai zauna, gidan rufa mata kawai za'a yi kamar riga. Ita zaki auna, ki bar tazarar yatsa ɗaya ko biyu tsakaninta da bango ta kowane gefe. Ki zana bangon a takarda, guda 2 masu kai tsini na gaba da baya, guda 2 na gefe, ki ɗora kan kwaɓin da kika murza da kwalba kaurin rabin santimita ki bi da wuƙa. Tagogi ki huda da murfin lemon kwalba ko murfin biro, ki yawaita su, ta nan haske ke fita ta nan kuma iska ke shiga.

Rufin ne wurin da nake so ki saurare ni da kyau. Na farkon da na taɓa yi na rufe shi ruf saboda ya yi kyau a hoto, ban jima da kunna kyandir ba na ji ƙauri, na ɗaga na ga cikin rufin ya yi baƙi gam ɗin ya saki, kuma ɗana na zaune a wurin yana leƙen taga, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Zafin kyandir sama yake tafiya kai tsaye. Dan haka ko ki bar shi ba rufi sam, tsinin gaba da na baya sun isa su nuna gida ne, ko ki sa 'yan siraran rufi gefe da gefe ki bar tsakiya a buɗe faɗin bakin kwalbar.

Busarwa kinyi sa'a hunturu ne. Ki shimfiɗa su a faranti a inuwa inda iska ke bi, ki dinga juyawa safe da yamma, kwana 3 zuwa 5 sun bushe ƙamas. Kar ki kai su rana, saman zai riga cikin bushewa ya tsage ko ya lanƙwashe. In sauri kike ki sa a oben wuta can ƙasa, digiri 100, awa 2 zuwa 3. In kin ƙwanƙwasa da farce kin ji ƙwas toh ya yi.

Haɗawa da farin gam na kafintoci zaki yi, ki tokare da gwangwani ya kwana. Gam ɗin nan na bindiga da ake narkawa bai dace ba, abinda zafi ya narka zafi zai sake narka shi. Farin adon mai kama da suga kuma shi na fi jin daɗi, ki dama gam ɗin da garin alli ya yi kauri kamar man goge baki, ki ɗura a leda ki naɗe ta tsini kamar yadda masu lalle ke yi ki ɗan yanke bakin. Ki zagaye taga da ƙofa, ki jera ɗige ɗige a gefen bango, ki yi ƙanƙara na zubowa daga sama, wannan aikin ki bar wa yaran ko ya karkace ba komai. Ragowar kwaɓin ki yanka 'yan mutane da taurari ki jingina a jikin gidan.

Ki zuba yashi kaurin yatsa a gindin kwalbar, ki ɗora gajeren kyandir ɗin nan mai kofin alminiyom, yana ci wajen awa 4, dogo ba zai yi ba harshensa zai kai sama. Ki ajiye kan faranti nesa da labule da bishiyar Kirsimeti, kar ki fita ki bar shi a kunne, na ɗakin yara kuma ki sa musu mai batir. Ki ja musu kunne ba na ci bane, ƙamshin zai ruɗi ƙarami kuma gishirin ya yi yawa, ko kare ya ci zai cutar da shi. Bayan biki ki naɗe shi a jarida ki sa a roba mai murfi da ɗan ƙullin shinkafa, saboda gishiri na jan danshi, in kika bar shi a fili daminar Jos zata mayar miki da shi kwaɓi kafin watan Agusta.